Ranar da Kalilu Ya Ƙi Fitowa Daga Rijiya

A Gangara, in ka tambayi samarin yanzu wane ne Kalilu, sai su ce maka ai wani tsoho ne mai baƙin rai da ya taɓa jawo wa mutanen Burkusuma asarar shanu. Haka suka ji daga iyayensu, iyayen kuma suka faɗa ba kunya ba tsoron Allah, alhali bakinsu a jiƙe yake da ruwan da mutumin ya haƙo. Shekara arba'in da 'yan kai yana shiga cikin ƙasa don jama'a su sha, tun daga Kamarawa har bakin iyakar Nijar, amma ɗan abin da aka riƙe game da shi ke nan. Abin akwai takaici, kuma ya kamata a faɗi yadda aka yi.

Kalilu mahaƙin rijiya ne. Gajere ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, kansa duk tabon tsakuwar da ta sha faɗo masa daga sama. Ba shi da fara'a, wannan kam ba sharri aka yi masa ba. Matarsa Saude takan ce da dariyarsa suke kaiwa kasuwa, da ba a taɓa ɗora tukunya a gidan ba. In ya ji sai ya ce mata ai ba a haƙa rijiya da haƙora, ya ci gaba da wasa daginsa.

Ƙasar wannan yanki tana da ha'inci. Daga sama ka ga laka mai ƙarfi, ka ratsa marmara, ka yi ta murna, sai can kusa da ruwa ka faɗa wa rairayi mai gudu. Shi ya sa mahaƙa suke jera gumaguman itacen ƙirya a kewaye da bango, suna sarƙe su ɗaya kan ɗaya don su tare ƙasa. Wannan shi ake kira ɗauri. Kowane mahaƙi ya san ba a yin haƙa a ƙarƙashin ɗauri fiye da kamu ɗaya sai an ƙara itace, don rairayin da ke bayansa zai riƙa zurarewa a ɓoye har bango ya zama fanko. Kowa ya sani, amma sani daban, yi daban.

Kalilu yana da doka tasa ta kansa a kan wannan, kuma ita ce duk dukiyarsa. Maigidan aiki shi ke fara shiga rijiya kowace safiya, kafin kowa ya taɓa igiya. Ya shafa bango da tafin hannunsa, ya saurara, ya shinshina, sa'an nan ya ce a sauko. In kuma su biyu ne a ƙasa, maigida shi ne na ƙarshen fita. Ba ciwo, ba tsufa, ba baƙo mai daraja da ke jira a sama da zai sa a karya wannan.

Ba a littafi ya karanto dokar ba. Yana ɗan shekara ashirin, shi da wansa Jibrilla suna aiki a hannun wani maigida a Kamarawa, mutumin da ba ya shiga rami sai dai ya leƙa. Wata safiya Jibrilla ya yi kira daga ƙasa cewa yana jin rairayi yana zuba masa a wuya. Maigidan yana zaune a inuwa yana ɓare goro, ya ce ragwanci ne, a ci gaba. Kalilu ne ke riƙe da igiya. Ya ji ƙasa ta yi wani irin nishi a ƙarƙashin ƙafafunsa, ƙura ta taso daga bakin rijiyar, igiyar ta ƙame a hannunsa. Kwana uku suna tono ba su kai gare shi ba, daga bisani malamai suka ce a yi masa salla a nan a rufe ramin. Maigidan ya zo gaisuwa da hawayensa, ya ce ƙaddara ce. Kalilu bai yi musun ƙaddara ba, amma tun daga ranar ya tsani duk mutumin da zai tura wani inda shi bai sa ƙafa ba. Fushin nan bai taɓa hucewa ba, da shi ya tsufa.

To a shekara arba'in da ya yi yana maigida, ba a taɓa fitar da gawa daga rijiyarsa ba, haka nan daga rijiyar duk wanda ya koya a hannunsa. Ba shi da shanu, ba shi da gidan kwano, bai je Makka ba. Wannan kaɗai yake da shi, kuma yana kishinsa fiye da yadda attajiri ke kishin garkensa.

Cikin waɗanda ya koyar, babu wanda ya shiga ransa kamar Atiku. A lokacin farin shekarar alif ɗari tara da saba'in da uku ya zo masa, saurayi dogo ɗan makiyaya, bayan garken ubansa ya ƙare ƙarƙaf a kan hanyar neman ruwa. Ya zo da sandarsa kawai, ya tsaya a ƙofar gida ya ce a koya masa inda ruwa yake ɓuya. Kalilu ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙa masa igiya. Shekara guda cur Atiku bai yi komai ba sai riƙon igiya, yana ƙunƙuni yana cewa shi ba jaki ba ne. Kalilu ya ce masa wanda bai san nauyin mutum a hannunsa ba, bai isa a ba shi mutane ba. Daga nan ya fara saukowa da shi. Ya koya masa ɗanɗana ƙasa da harshe, ya koya masa zura fitila kafin shiga don a gane ko iskar ƙasa ta ɓaci, ya koya masa bambanta zubar rairayi ta banza da wadda ke kashe mutum. Zagi kuwa ya sha shi har ya ƙoshi. Amma kullum da yamma a kwano ɗaya suke cin tuwo, kuma Saude ta lura tsokar da ke cikin miya kullum gefen Atiku take gangarawa.

Bayan shekara takwas Kalilu ya sallame shi. Ya ba shi daginsa na hannu, wanda ƙotarsa ta yi santsi da gumi, ya ce ya je ya kafa nasa aikin. Atiku ya yi suna da wuri, don gwani ne na gaske. Ya tara ma'aikata, ya sayi babur, ya fara sa babbar riga da agogo. Kalilu bai ji haushin wannan ba ko kaɗan. In an ba shi labari yakan yi gyaran murya kawai, wanda a wurinsa shi ne guɗa.

Sai damina ta tamanin da huɗu ta zo ta yi abin da ta yi. Gero ya tsaya iyakar gwiwa ya bushe a tsaye. Kafin bazara ta kama sosai, tafkuna sun tsage, rijiyoyi sun ja ruwansu ƙasa, mutane suna tona gidan tururuwa neman hatsi. Makiyaya suka yi ta kwararowa daga arewa da shanun da ake iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. A Burkusuma duk suka taru a kan tsohuwar rijiya guda, mai zurfin gaba goma sha shida, wadda ta koma ba da guga kaɗan na ruwan laka a wuni.

Akwai wani falke a wurin, Alhaji Sodangi, wanda farin ya zame masa kaka. Yana sayen saniya a hannun mai kuka da abin da bai kai kuɗin akuya ba, yana tarawa yana jiran mota ta kai su kudu. Garkensa ya fi na kowa yawa, saboda haka ƙishirwarsa ta fi ta kowa. Shi ya kira Atiku ya ce a ƙara wa rijiyar zurfi, kuma a yi a cikin kwana huɗu.

Kalilu bai san da wannan ba sai wata la'asar da Illo ya yi sallama a gidansa. Illo magidanci ne mai 'ya'ya biyar, ɗaya daga cikin ma'aikatan Atiku, mutum mai ƙarfi da sauƙin kai. Ya gaisa, ya sha ɗan ruwan da Saude ta kawo, ya ce aron dagi ya zo, gajere.

"Gajere?" in ji Kalilu. "Mi za ka yi da gajere?"

"Ƙarƙashin ɗauri muka haƙa, Baba. Dogo ba ya juyawa."

"Kamu nawa kunka yi?"

"Ukku. Gobe muna son mu cika biyar."

"Itace nawa kunka ƙara?"

Illo ya sosa ƙeya. Ya ce babu ƙirya a kusa, sai an tafi nesa da jakai, Alhaji kuma ya ce shanu ba za su jira itace ba.

Kalilu ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali. "To shi Atiku, da ya shiga, mi yac ce da bangon?"

"Ai bai shiga ba, Baba. Daga bisa shika duba muna."

Saude ta ce tunda take da shi ba ta taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, tuwon da ta kawo musu ma bai taɓa shi ba. Mutumin da ya ci kwano ɗaya da shi shekara takwas, wanda ya ba wa daginsa, yau shi ne ke tsaye a sama yana leƙe! Ya dubi Illo, ya ga mutum zaune lafiya yana suɗe hannu, bai san kabarinsa yake tonawa a kan tiyar gero ɗaya a wuni ba.

Da gari ya waye suka kama hanya tare. Saude ta tare shi a zaure ta ce gwiwarsa fa, shekara biyu ke nan tana hana shi ruku'u sosai. Ya ce ba da gwiwa ake sauka ba, da igiya ne.

Hantsi ya ɗaga suka isa. Tun daga nesa ake jin kukan shanu, irin kukan da ya dushe ya koma nishi. Mushe a ko'ina, ungulaye sun ƙoshi har sun kasa tashi. Mata da tuluna sun yi layi, makiyaya sun jingina da sandunansu idanu sun faɗa. Alhaji Sodangi yana kan tabarma a inuwar wata aduwa da butarsa cike. Atiku kuwa yana bakin rijiya cikin riga shuɗiya, hannu a baya, yana ba da umurni.

Da ya ga maigidansa sai ya rusuna. "Baba, sannu da hanya. Taho inuwa ka huta."

"Ban zo hutu ba. Yaushe rabonka da ƙasan rijiyag ga?"

"Baba, mutane na ji."

"Su jiya mana. Tambaya nika yi."

Atiku ya sunkuyar da kai. Alhaji ne ya taso yana gyara hula, yana murmushin da ba na alheri ba. "Tsoho, mi ak kawo ka? Wanda munka ba aiki shina aikinai. Ko baƙin ciki na, don ɗan da ka koya ma ya hi ka?"

Wasu suka yi dariya. Kalilu ko kallonsa bai yi ba. Ya tuɓe rigarsa, ya ɗauki igiyar da ke rataye a jikin gungumen da aka gicciye a bakin rijiya, ya ɗaura a ƙugu. Ɗaya bakin kuma ya wurga wa Atiku a ƙirji, har ta bar masa shatin laka a shuɗiyar rigar.

"Riƙe. Ko shi ma ka manta?"

Aka zura shi. Yana sauka yana shafa bango, hasken sama yana ƙanƙancewa har ya koma kamar faifai. Da ƙafarsa ta taɓa laka ya tsaya ya bar idonsa ya saba da duhu. Ga tsohon ɗaurin can sama da kansa yana rataye a kan iska, ƙasansa kuwa rairayi tsirara. Ya kama gungumen ƙarshe, ya ɗaga kansa, ya zura hannu ta bayansa. Hannun ya shige har kafaɗa bai taɓa komai ba. Sai ya ji shi, siririn rairayi yana zubo masa a wuya, a hankali, ba ya tsayawa.

Ya san in ya hau ya faɗa, Alhaji zai ce hassada ce, jama'a za su yarda don suna son su yarda, kuma kafin ya juya baya Illo yana ƙasa. Saboda haka ya kife kwandon kwasar ƙasa ya zauna a kai. Ya kwance igiyar daga ƙugunsa, ya girgiza ta, alamar a ja. Suka ja, ta fito musu ba kowa.

Kawuna suka cika bakin rijiyar. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ba ni hita sai maigidan aikin ga ya sauko ya gani da idonai. In kuna son haƙa, ku haƙa bisa kaina."

Ranar Kalilu ya sha zagin da bai taɓa sha ba, kuma daga sama yake zubo masa, yana amsa-kuwwa a bango. Aka ce masa mahaukaci, aka ce masa maƙiyin talakawa. Wata mata ta yi kuka ta ce 'ya'yanta tun jiya ba su sha ruwa ba. Wani dattijon makiyayi ya roƙe shi don Allah don Annabi, ya ce saniya uku ce ta rage masa a duniya. Wannan roƙon ya fi zagin ciwo, don Kalilu ya san gaskiya mutumin yake faɗa. Ya ce a zuro guga, shi da kansa zai riƙa kwarfar abin da ya taru yana cikawa. Haka ya yi ta yi, rabin guga, rabin guga, amma bai tashi daga wurin ba.

Kada wani ya ce bai ji tsoro ba. Ya ji ƙwarai. Duk sanda wani ya taka bakin rijiyar da ƙarfi, rairayin yakan ƙaru, shi kuma ya runtse ido ya yi shahada. Ya tuna Jibrilla, ya yi ta tunanin ko shi ma haka ya zauna yana kallon ɗan faifan haske yana jiran wanda ke sama ya ji tausayinsa. Rana ta take tsaka, hasken ya sauko har kan gwiwarsa ya sake janyewa. Da ya ji an kira azahar, ya yi alwala da ruwan laka ya yi sallarsa a zaune.

Bayan salla ya ji muryar Alhaji ta tashi. "Kai Illo! Sauka ka ɗaure tsohon ga a jawo shi. In ya ƙi, ka ɗauko shi kamar buhu. Daga nan ka kama aiki."

Ya ji Illo ya ce to. Ya ji ƙarar igiya a kan gungume. Ya buɗe baki zai yi ihu, sai ya ji wata murya ta riga shi.

"Illo, aje igiyag ga."

Can sai hasken ya toshe, tsakuwa ta fara faɗowa, wasu ƙafafu suka doso shi suna neman bango. Dogayen ƙafafu ne da suka yi laushi, da shatin takalmi a kansu. Ya san su.

Atiku ya dira a gabansa daga shi sai wando. Kalilu ya cafki wuyan hannunsa kamar yadda yake yi shekarun baya, ya ɗaga shi ya cusa a bayan gungumen. Hannun Atiku ya fi nasa tsawo, amma shi ma ya shige har kafaɗa.

"Baba," in ji Atiku da ƙyar, "shanu na mutuwa. Na ga na babana sun hwaɗi ɗai-ɗai har sunka ƙare. Ban iya sake kallon wanga abu."

"Na sani. Ni kuwa wana ko gawatai ban gani ba. Shina can ƙasan Kamarawa har yau." Ya saki hannun. "Ba riga ta hana ka saukowa ba, Atiku, kada ka ruɗi kanka. Ka san in ka gani da idonka ba ka iya tura mutum. Shi ya sa ka ƙi gani. Ɗiyan Illo biyar. Mi za ka ce musu? Ƙaddara?"

Atiku ya rufe fuska da hannu mai laka. Rairayi yana zuba a kan su duka biyu, ba wurin dogon kuka ba ne. Kalilu ya kama igiyar da ke ƙugun Atiku ya gwada ƙullin, ya ga daidai yake.

"Hau. Ka aiko min da ita."

Atiku bai motsa ba. Sai ya sa hannu ya kwance ƙullin, ya zagaya igiyar a ƙugun tsohon.

"Mi kaka yi haka?"

"Aikina na, Baba. Ni am maigida nan. Kai ka hwara hita."

Kalilu ya fusata har ya ɗaga hannu kamar zai mare shi. Shekara arba'in bai taɓa barin ɗan Adam a bayansa cikin rami ba, yau kuma a wannan ramin, a ƙarƙashin wannan bangon? Amma dokarsa ce aka miƙo masa, ba a rage ko harafi ba. Hannun ya sauko da kansa. Atiku ya ɗaure shi tamau, ya girgiza igiya.

A duk rijiyoyin da ya shiga, babu hawan da ya yi masa tsawo kamar wannan. Bai dubi sama ba ko sau ɗaya. Ƙasa yake kallo, inda ɗansa yake tsaye yana ƙanƙancewa, yana ta janye ƙafafunsa daga bango kada ya ture ko ƙwayar tsakuwa. Da ya fito bai tsaya shan iska ba. Ya ture mutum biyu, ya zura igiyar da hannunsa, ya shiga gaban masu ja. Ya ja har fatar tafinsa ta saɓule bai sani ba, sai da kan Atiku ya ɓullo, sa'an nan gwiwar ta ci amanarsa ya zube a ƙasa.

Atiku ya miƙe tsaye, laka har gira, ya dubi Alhaji ya dubi jama'a. Ya ce ba mai sake saran ƙasa a rijiyar nan sai an kawo ƙirya an cike bayan ɗauri da marmara, kuma shi zai riƙa shiga da kansa. Alhaji ya yi tsalle ya dire, ya ce zai kawo wasu mahaƙan. Ya aika har wurare uku, amma duk wanda aka tarar, ko ya koya a hannun Kalilu ko a hannun wanda Kalilu ya koyar, kuma da sun ji abin da ya faru sai su ce a gai da Alhaji.

Kwana goma sha biyu aikin ya ci. A cikin kwanakin nan shanu sun mutu, ba a ɓoye wannan. Na Alhaji sun mutu, na talakawa ma sun mutu, har biyu daga cikin ukun dattijon nan. A rana ta goma sha uku Atiku ya fasa idon ruwa, ruwa ya taso har ƙirjinsa, garin ya ɗauki kabbara.

Bangon kuwa bai rufta ba, tunda an gyara shi. To nan ne abin haushin yake. Da ya rufta ya binne mutum, da an yi kuka, an ce ashe tsoho ya yi gaskiya. Da yake ba wanda ya mutu, sai aka ce ai da ma ba abin da zai faru, tsoho ne kawai ya zo ya zauna wa mutane a kan ruwa. Kowa ya iya ƙirga shanun da suka faɗi, ba wanda ya ƙirga mutumin da yake yawo da ransa. Illo kansa, Illon da aka yi abin dominsa, ya daɗe yana ba da labari a kasuwa cewa rigimar Baba Kalilu ta sa Alhaji ya hana su geron kwana goma sha biyu. Allah ya ja kwanansa har ya ga jikoki, kuma bai taɓa taka ƙafa zuwa Gangara ya ce an gode ba. Rijiyar tana nan tana ba da ruwa, ana kiranta Rijiyar Alhaji.

Kalilu bai sake shiga rijiya ba, gwiwar ta ƙi, kuma masu neman mahaƙi sun daina sallama a ƙofarsa. Bai taɓa kare kansa a gaban kowa ba. In Saude ta kawo masa abin da ake faɗa tana huci, yakan tambaye ta abu ɗaya, ko Atiku yana shiga. Ta ce yana shiga, kowace safiya, shi da duk wanda ya koyar. Sai ya yi gyaran murya ya juya.

Ya rasu da rani, shekara shida bayan farin. Masu rakiya ba su cika sahu uku ba, daga Burkusuma kuwa mutum ɗaya ne ya zo, a kan tsohon babur. Da aka kai maƙabarta Atiku ya tuɓe riga ya riga kowa shiga kabarin, ya karɓi maigidansa ya kwantar da shi. Sauran da suka taya shi suka fito, shi bai fito ba. Liman ya ce masa ya hau mana, rana tana yi. Atiku kuwa yana durƙushe yana bin bangon kabarin da tafin hannunsa, a hankali, daga kai har ƙafa, sai da ya tabbata ba inda rairayi ke zuba, sa'an nan ya miƙa hannu aka jawo shi.